Yadda Ake Jagorantar Ɗaliban Digiri na Farko Masu Sha'awar Ilimin Halayyar Ɗan Adam a Wurin Aiki

Yawancin ɗaliban da ke shiga sashen nazarin halayyar ɗan Adam a jami'a suna zuwa ne da tunanin cewa ƙarshen karatun shi ne zama a ofis ana sauraron masu damuwa ana ba su shawara. Sai an yi nisa wasunsu ke jin cewa akwai wani reshe da ya keɓanta da wurin aiki, wanda ke nazarin yadda ake zaɓen ma'aikata, da yadda ake horar da su, da yadda ake auna ƙwazonsu, da abin da ke sa su daɗe ko su ajiye aiki, da kuma dalilin da ke sa wani rukunin ma'aikata ya yi aiki lami lafiya wani kuma ya watse. A jami'o'i da yawa darasi ɗaya tak ake koyarwa a wannan reshe a matakin digiri na farko, wani wurin ma babu ko ɗaya, saboda haka ɗalibin da ya nuna sha'awa yakan dogara kacokan ga mutumin da ya amince ya riƙe hannunsa. Wannan bayani domin wannan mutum ne, ko malamin jami'a ne, ko ɗalibin digiri na uku, ko ƙwararren da ke aiki a wata ma'aikata.

Matakan da ke tafe an gina su ne a kan ra'ayi guda: ɗalibi ba ya gane ko fagen nan ya dace da shi ta hanyar jin labarinsa, sai ya yi ɗan aikin da hannunsa, ya ɗanɗani daɗinsa da wahalarsa, kafin a soma yi masa maganar digiri na biyu ko neman aiki.

Mataki na farko: ka gano abin da ya kawo shi

A zaman farko, ka rage magana ka yawaita tambaya. Za ka tarar cewa wasu suna zaton fagen na ba wa ma'aikata masu damuwa shawara ne ɗaya bayan ɗaya, wanda a gaskiya aikin wani reshe ne daban. Wasu suna ganin hanya ce ta shiga sashen kula da ma'aikata ba tare da fama da lissafi ba. Wasu kuma sun ji an ce akwai albashi mai tsoka. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan dalilai da zai sa ka juya wa ɗalibi baya, amma dole ka san wanda kake magana da shi, domin wanda ya gudo daga lissafi yana bukatar ya ji gaskiya tun ranar farko.

Akwai tambayar da ke buɗe tunanin ɗalibi fiye da kowace. Ka ce masa ya tuno wani aiki da ya taɓa yi ko ya taɓa gani a kusa, ya faɗi wanda ya fi kowa iyawa a wurin, sannan ka tambaye shi yadda aka yi ya san haka. Idan ya ce mutumin yana da himma, sai ka ce: "Da wane abu ka gane himmar? Idan ni da kai muka tsaya muna kallonsa, me za mu gani da idonmu?" Ɗalibin da wannan tambaya ta dame shi, ya tsaya yana juya ta, yana da abin da fagen ke bukata. Kafin ku rabu ka ba shi ɗan ƙaramin aiki, misali ya rubuta shafi guda a kan wannan tambaya ya kawo cikin mako biyu. Dawowarsa da aikin, ko rashin dawowarsa, za ta gaya maka abin da zaman farko bai gaya maka ba.

Mataki na biyu: ka nuna masa faɗin fagen

Ka bayyana masa cewa fagen yana da ɓangarori biyu da suka saƙu da juna. Ɗaya ya fi karkata ga mutum da aikinsa, wato nazarin aiki, da zaɓen ma'aikata, da horarwa, da auna ƙwazo. Ɗayan ya fi karkata ga zaman ma'aikata da juna, wato shugabanci, da zaburarwa, da gamsuwa da aiki, da gajiyar zuciya, da adalci, da al'adar ma'aikata. Ɗalibai sun fi saurin son ɓangare na biyu domin ya fi daɗin hira, amma sau da yawa na farkon ne ke ba matashi ƙwarewar da za a ɗauke shi aiki saboda ita.

Ɗan tarihi kaɗan ya wadatar. Hugo Münsterberg na jami'ar Harvard da Walter Dill Scott na jami'ar Northwestern suna cikin waɗanda suka fara amfani da ilimin halayyar ɗan Adam a harkar masana'antu da kasuwanci a farkon ƙarni na 20, kuma Lillian Gilbreth, wadda ta sami digirinta na uku a 1915, ta haɗa nazarin motsin ma'aikaci da kula da gajiyarsa. Lokacin da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1917, Robert Yerkes ya jagoranci shirya gwaje-gwajen kaifin basira na Alfa da Beta da aka yi wa sojoji sama da miliyan ɗaya da rabi, na biyun domin waɗanda ba su iya karatu ko Ingilishi ba. Daga 1924 zuwa 1932 kuma aka gudanar da binciken nan na masana'antar Hawthorne ta kamfanin Western Electric da ke kusa da Chicago, wanda ya jawo hankali ga dangantakar ma'aikata da juna da kuma shugabanninsu. Abin da ya kamata ɗalibi ya ɗauka daga wannan tarihi shi ne cewa tun asali ana sa ran mai wannan ilimi ya zama mai bincike kuma mai aiki da binciken a lokaci guda.

Mataki na uku: ku yi yarjejeniya a rubuce

Kathy Kram, wadda ta yi nazarin jagoranci a wuraren aiki a farkon shekarun 1980, ta nuna cewa jagora yana yin hidima iri biyu: yana taimaka wa ci gaban sana'ar wanda yake jagoranta ta hanyar koyarwa da ba shi aiki mai ƙalubale da gabatar da shi ga mutane, sannan yana ƙarfafa masa gwiwa ya kuma zama masa abin koyi. Ta kuma nuna cewa dangantakar tana da farko, da lokacin bunƙasa, da rabuwa, da sake fasali. Amfanin sanin haka shi ne ka shirya wa rabuwar tun daga farko.

Ku zauna ku rubuta shafi guda da ya ƙunshi yawan haɗuwarku, da sa'o'in da zai iya bayarwa a mako ba tare da ya cutar da sauran darussansa ba, da tsawon lokacin da zai jira kafin ka mayar masa da amsa, da abin da zai faru idan aikin ya kai ga wallafawa, wato sunan wa zai fito kuma a wane jeri. Ku tsayar da wa'adi, zango ɗaya na karatu, wanda za a iya sabuntawa. Haɗuwar minti talatin kowane mako ta fi zaman sa'a biyu sau ɗaya a wata amfani, kuma ɗalibin ne ya kamata ya riƙa zuwa da jerin abubuwan da za a tattauna, ya kuma rubuta abin da aka yanke. Idan kana da ɗalibai uku ko huɗu, ka haɗa su wuri ɗaya wani lokaci, domin akwai tambayoyin da ɗalibi ke jin nauyin yi wa malami amma zai yi wa ɗan'uwansa ɗalibi cikin sauƙi.

Mataki na huɗu: ka sa shi ya yi nazarin aiki guda daga tushe

A nan ne ya kamata ka fi ɓata lokaci, domin kusan duk abin da ake yi a ɓangaren zaɓe da horarwa da auna ƙwazo a kan nazarin aiki yake tsaye, kuma aiki ne da ɗalibin shekara ta biyu zai iya yi ba tare da kuɗi ko na'ura ba.

Ka sa ɗaliba, alal misali, ta zaɓi aikin da za ta iya samun masu yin sa cikin sauƙi, kamar mai amsa kiran abokan ciniki a kamfanin sadarwa, ko mai ba da magani a asibiti, ko ma'aikacin ɗakin karatu. Da izinin ma'aikatar da na ma'aikatan, ta zauna ta kalli aikin na 'yan sa'o'i tana rubuta abin da ake yi, sannan ta gana da mutum uku ko huɗu da ke yin sa da kuma shugabansu guda. Rubutunta na farko kusan kullum zai fito da jimloli irin su "yana kula da abokan ciniki". Kada ka gyara mata da kanka. Ka tambaye ta abin da yake yi, da wa yake yi wa, da abin da yake amfani da shi, da kuma dalilin yin sa. Bayan zagaye biyu ko uku jimlar za ta koma kamar haka: "Yana sauraron ƙorafin abokin ciniki ta waya, yana duba bayanan asusunsa a kwamfuta, yana tantance ko zai iya warware matsalar da kansa ko sai ya miƙa ta ga sashen fasaha, domin a rufe ƙorafin a kira ɗaya." Bambancin da ke tsakanin jimlolin nan biyu shi ne darasin gaba ɗaya.

Idan ta tara jimloli ashirin zuwa talatin, ta mayar wa ma'aikatan su ba kowace maki a kan yawan yin ta da kuma muhimmancinta. Daga nan ta fitar da abin da mutum ke bukata kafin ya iya aikin: ilimin da zai sani, da ƙwarewar da zai koya, da baiwar da zai zo da ita, da sauran halaye. Ta kuma raba abin da dole sabon ma'aikaci ya zo da shi daga abin da za a koya masa bayan an ɗauke shi, domin na farko ne kawai ya halatta a gwada shi a kai lokacin ɗauka.

Sai ka koya mata dabarar da John Flanagan ya bayyana a 1954, ta tattara labaran abubuwan da suka faru a zahiri. Maimakon ta tambayi shugaba halin ma'aikaci nagari, sai ta ce masa ya ba ta labarin wata rana da wani ya yi abin da ya burge shi ƙwarai, ko ya yi abin da ya jawo asara: me ya faru kafin nan, me mutumin ya yi, me ya biyo baya. Daga irin waɗannan labarai ake ƙera tambayoyin ganawar ɗaukar aiki. Idan an ba ta labarin abokin ciniki da ya kira a fusace saboda an cire masa kuɗi sau biyu, sai ta mayar da shi tambayar da za a yi wa kowane mai neman aiki iri ɗaya, ta kuma rubuta misalin amsar da ta cancanci maki ɗaya, da ta maki uku, da ta maki biyar. Ba tare da ta ankara ba, ta gina ganawa mai tsari da ma'aunin ba da maki.

A ƙarshe ta kwatanta abin da ta samu da abin da ke cikin O*NET, wato rumbun bayanan sana'o'i da Ma'aikatar Ƙwadago ta Amurka ke ɗaukar nauyinsa, wanda kowa ke iya dubawa kyauta a intanet. Kada ta fara da shi, domin idan ta fara da shi kwafa kawai za ta yi. Inda bayananta suka saɓa da na rumbun ne tattaunawa mai amfani take, tun da an gina shi ne a kan yadda ake aiki a Amurka, kuma aiki mai suna ɗaya yana iya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, har ma daga kamfani zuwa kamfani.

Mataki na biyar: ka sulhunta shi da ƙididdiga

Ba a ɓoye wa ɗalibi cewa wannan reshe yana cikin waɗanda suka fi dogaro da ƙididdiga a duk ilimin halayyar ɗan Adam. Ka shawarce shi ya ɗauki duk darasin ƙididdiga da hanyoyin bincike da ilimin ƙera gwaji da sashensu ke bayarwa, ya kuma ƙara da wani daga sashen kasuwanci ko tattalin arziki idan tsarin jami'a ya yarda. Amma darasin aji kaɗai ba ya cire tsoro. Abin da ke cire shi shi ne bayanai na gaske masu datti.

Ka ba shi jadawalin amsoshin wata takardar tambayoyi da aka cire sunaye daga cikinta, ka bar shi ya gano da kansa cewa wani ya rubuta shekarunsa 250, wani ya zaɓi amsa ta uku tun daga tambayar farko har ta ƙarshe, kuma akwai tambayoyin da aka juya ma'anarsu, waɗanda dole a juya makinsu kafin a tara. Ya fara da manhajar Excel, ya wuce zuwa manhajojin ƙididdiga irin su SPSS idan jami'ar tana da shi, ko jamovi da JASP waɗanda kyauta ne, sannan ya koyi R, wato harshen kwamfuta na nazarin bayanai, a hankali. Ka dage a kan ya riƙa rubuta duk abin da ya yi wa bayanan, kuma kada ya taɓa asalin fayil ɗin, kwafi kawai zai riƙa aiki a kai.

Abubuwa biyu ne nake ganin bai kamata ɗalibi ya bar hannunka ba tare da ya iya bayyana su da bakinsa ba. Na farko shi ne daidaituwar ma'auni, wato ko gwaji yana ba da sakamako mai kama da juna idan an maimaita shi, ko idan mutum biyu suka ba da maki. Na biyu shi ne ingancinsa, wato ko hukuncin da ake yankewa da makin yana da hujja. Ɗalibai sukan ga lambar alfa ta Cronbach, wadda ke nuna yadda tambayoyin gwaji suka daidaitu da juna, ta haura 0.80 su ɗauka magana ta ƙare, alhali gwaji yana iya daidaituwa sarai kuma yana auna abin da ba shi ake nema ba. Ka kuma sa shi ya yi lissafin nan mai sauƙi na ƙa'idar kashi huɗu cikin biyar da ke cikin jagororin zaɓen ma'aikata na gwamnatin Amurka na 1978: idan an ɗauki mutum 60 cikin 100 daga wani rukuni, aka ɗauki 40 cikin 100 daga wani, to 40 a kan 60 bai kai 0.80 ba, kuma wannan alama ce da ke sa a binciki gwajin. Ƙa'idar ta Amurka ce, kowace ƙasa da dokarta, amma lissafin yana koya wa ɗalibi cewa a bayan kowace lamba akwai mutanen da aka ɗauka da waɗanda aka mayar gida.

Mataki na shida: ku karanta bincike tare, da idon mai tuhuma

Kada ka tura masa maƙaloli goma ka ce ya karanta. Ku ɗauki guda, daga mujalla irin su Journal of Applied Psychology ko Personnel Psychology, ka nuna masa yadda kai kake karantawa: tambayar da aka yi, da su wa aka yi binciken a kansu, da yadda aka auna kowane abu, da jadawalin dangantaka, sannan a ƙarshe abin da marubutan suka ce sun gano. Ya riƙa rubuta taƙaitawar rabin shafi da harshen da manajan da bai taɓa karanta ƙididdiga ba zai fahimta.

Akwai misalai biyu da ke koya wa ɗalibi cewa ilimin nan yana gyara kansa. A 1998 Frank Schmidt da John Hunter sun haɗa sakamakon binciken shekara 85 a kan hanyoyin zaɓen ma'aikata, suka sanya ingancin gwajin kaifin basira, wato ƙarfin dangantakarsa da ƙwazo a wurin aiki, a 0.51, kuma an shafe fiye da shekara ashirin ana koyar da wannan lamba kamar ba ta da makusa. A 2022 Paul Sackett da abokan aikinsa suka nuna cewa an wuce gona da iri a wani gyaran ƙididdiga da aka riƙa yi, lambar ta sauko zuwa 0.31, ganawa mai tsari kuma ta hau kan gaba da 0.42. Ɗalibar da ta riga ta ƙera irin wannan ganawa da hannunta a mataki na huɗu za ta karanta muhawarar nan da wata irin sha'awa ta daban. Misali na biyu shi ne binciken Hawthorne kansa. Littattafan aji sukan ce ƙwazon ma'aikata ya ƙaru ko an ƙara haske ko an rage, amma gwajin da ya fi shahara a ciki an yi shi ne a kan mata biyar masu haɗa na'ura, aka kuma sauya biyu daga cikinsu ana tsakiyar aiki, sannan masana tattalin arziki Steven Levitt da John List, da suka gano asalin bayanan gwajin hasken suka sake nazarinsu, sun ruwaito a 2011 cewa labarin da ake bayarwa ya fi abin da ke cikin bayanan armashi nesa ba kusa ba.

Ka koya masa ya riƙa tambayar inda aka yi bincike. Kaso mai yawa na abin da aka wallafa a fagen nan an yi shi ne a Amurka da Turai, kuma ma'aunin gamsuwa da aiki ko na shugabanci da aka ƙera a can ba lalle ne ya yi aiki yadda yake a wani wuri ba sai an gwada. Haka nan ka yi masa kashedi da gwaje-gwajen halayya da ake tallatawa, masu raba mutane gida-gida, waɗanda ma'aikatu ke so saboda suna da daɗin tattaunawa amma ba a ƙera su domin yanke hukuncin ɗaukar aiki ba.

Mataki na bakwai: ƙaramin bincike nasa na kansa

Idan ya kai shekarar ƙarshe, ka taimaka masa ya matse tambayarsa har ta zama abin da za a iya gamawa cikin zango biyu. Ɗalibi zai zo yana son ya binciki "tasirin shugabanci a kan ƙwazo", aikinka ne ka mayar da shi ga abu kamar dangantakar da ke tsakanin 'yancin yanke shawara a wurin aiki da niyyar ajiye aiki a tsakanin ma'aikatan jinya masu aikin dare. Ya yi amfani da ma'aunin da aka riga aka gwada, bayan ya tabbatar yana da izinin amfani da shi, domin wasu na sayarwa ne. Ya rubuta hasashensa da yadda zai yi nazarin bayanan kafin ya tattara su. Idan sakamakon bai fito yadda ya so ba, ka nuna masa cewa wannan ma sakamako ne, kada ya shiga jujjuya lambobi har sai wani abu ya fito.

Batun ɗa'a a nan yana da nauyi na musamman, domin mutanen da ake yi wa tambaya abincinsu yana hannun wanda ake tambayarsu a kansa. Dole binciken ya bi ta kwamitin ɗa'ar bincike na jami'a. Dole ma'aikaci ya san cewa yana da damar ƙin amsawa ba tare da wani abu ya same shi ba, kuma bai kamata shugabansa ne zai raba takardun ko ya karɓa ba. Ka faɗa wa ɗalibin tun da wuri cewa wata rana manaja zai ja shi gefe ya ce: "Wane ne ya rubuta wannan?" Ku yi atisayen amsar tare. Ka kuma nuna masa cewa cire suna kaɗai ba ya ɓoye mutum, domin idan mace ɗaya ce a wani sashe, rahoton da ya raba sakamako bisa jinsi ya riga ya tona ta. Shi ya sa masu wannan aiki ke ƙin ba da rahoto a kan rukunin da mutanensa ba su kai wani adadi ba, galibi biyar ko fiye.

Mataki na takwas: ka fitar da shi daga ofishinka

Komai ƙwarewarka, fuska ɗaya ta fagen kake wakilta. Ka haɗa shi da tsofaffin ɗalibai da ke aiki a sashen kula da ma'aikata, ko kamfanin ba da shawara, ko hukumar ɗaukar ma'aikatan gwamnati, ya nemi minti ashirin ya tambaye su yadda ranar aikinsu take. Ka taimaka masa ya nemi wurin sanin makamar aiki lokacin hutu, ka kuma duba abin da za a sa shi yi, domin wata uku na jera fayil ba zai koya masa komai ba. Ƙungiyoyin ƙwararru irin su SIOP ta Amurka, da EAWOP ta Turai, da SIOPSA ta Afirka ta Kudu suna shirya taruka, kuma gabatar da fosta ko da a taron ɗalibai na cikin jami'a ne yana koya masa tsayawa ya kare aikinsa a gaban baƙo.

Mataki na tara: shawarar abin da zai biyo bayan digiri

Sai yanzu maganar gaba ta dace. Ka shimfiɗa masa hanyoyin uku ba tare da ka tura shi ga wadda kai ka bi ba. Da digiri na farko zai iya shiga aikin ɗaukar ma'aikata, ko horarwa, ko nazarin bayanan ma'aikata, amma ba a matsayin ƙwararren masanin fagen ba. Digiri na biyu, wanda kan ɗauki shekara ɗaya zuwa biyu gwargwadon ƙasa, shi ne ƙofar mafi yawan ayyukan ƙwararru. Digiri na uku na wanda ke son bincike ne ko koyarwa a jami'a ko ƙera gwaje-gwaje, kuma a Amurka yakan ci kimanin shekara biyar. Ya binciki dokar ƙasar da yake son aiki a cikinta, domin a Birtaniya da Afirka ta Kudu, alal misali, doka ta hana mutum kiran kansa da laƙabin wannan sana'a sai ya yi rajista da hukumar da ke kula da ita. Idan zai nemi digiri na uku, ya duba malaman da bincikensu ya yi daidai da nasa kafin ya duba sunan jami'a, ya kuma tambayi ɗaliban da ke can yadda ake tafiyar da su.

Wasiƙar shaida da za ka rubuta masa ita ce inda duk aikin baya ke biya. Ka nemi ya ba ka lokaci na aƙalla wata guda, tare da takardar tarihin karatunsa da jerin wuraren da yake nema. Ka rubuta abin da ka gani: cewa ya gana da ma'aikata huɗu ya fitar da jimlolin aiki talatin, cewa shi ne ya gano kuskuren juya maki da ya kuɓuce wa kowa. Idan ba za ka iya rubuta wasiƙa mai ƙarfi ba, ka faɗa masa a fili da wuri domin ya nemi wani.

Wani lokaci kuma ɗalibi zai gama nazarin aiki da tsabtace bayanai ya dawo ya ce maka ya gane cewa ba abin da yake so ke nan ba, zuciyarsa tana ga ba da shawara ko koyar da yara. Ka karɓi wannan hannu biyu, ka haɗa shi da abokin aikinka da ke wancan reshe, ka kuma rubuta masa shaida a kan abin da ya yi a wurinka. Wanda kuma ya daina zuwa ba tare da bayani ba, ka aika masa saƙo guda na tambayar lafiya kafin ka yanke hukunci, domin sau da yawa matsalar kuɗi ce ko ta gida ko kunyar aikin da bai gama ba, kuma idan abin ya shafi lafiyar ƙwaƙwalwarsa, ka nuna masa ofishin ba da shawara na jami'a maimakon ka mayar da kanka likitansa. Idan wa'adin da kuka rubuta ya cika, ku zauna ku duba shafin yarjejeniyar, ku yanke ko za a sabunta ko za a tsaya, ya miƙa fayilolin bayanai da bayanin duk abin da ya yi musu, sannan ka roƙe shi ya zauna da ɗalibin da zai gaje shi ya nuna masa inda aikin ya tsaya.